Marais: Unguwar da Talauci Ya Tsare, Yayi Ya Saye

A tsakiyar birnin Paris, a gaɓar dama ta kogin Seine, akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Marais. Duk ranar Lahadi titunanta kan cika maƙil da jama'a, kafaɗa na gugar kafaɗa kamar ranar cin kasuwa. Mazaunin wannan unguwa ba shi da bukatar mota. Gidan burodi, makarantar yara, kantin magani, kasuwa, gidan tarihi da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa duk suna kusa da shi, tafiyar ƴan mintoci da ƙafa. Masu tsara birane a ƙasashe da dama suna buga misali da irin wannan zama, masu hannu da shuni kuma suna rububin gidajen unguwar. Amma wanda ya ga Marais a yau da ƙyar zai yarda cewa a shekarun 1950 tana cikin unguwannin da suka fi talauci da cunkoso a Paris, har ma hukuma ta riga ta sa wani ɓangare nata cikin jerin wuraren da za a rushe. Tarihinta yana ɗauke da tambayar da ta shafi kowane tsohon birni: idan aka gyara unguwa ta yi daɗin zama, su wa ke saura a cikinta?

Daga fadama zuwa dandalin sarki

Kalmar Marais a Faransanci tana nufin fadama. Wurin a da ƙasa ce mai riƙe ruwa a bayan gari, kuma tun daga ƙarni na 12 ƙungiyoyin addinin Kirista suka shiga janye ruwan, suna mai da filin lambuna. Daga cikinsu akwai mayaƙan nan da ake kira Templiers, waɗanda sunansu ya saura a titunan Temple da Vieille-du-Temple. A ƙarni na 14 Sarki Charles na Biyar ya kafa gidansa a wannan yanki, sarauta ta fara kusantar fadamar.

A ƙarshen watan Yuni na 1559 Sarki Henri na Biyu ya fita wasan sukuwa da māsu a titin Saint-Antoine. Tsinken mashin abokin karawarsa ya shige masa ido, ya yi jinyar kwana goma ya rasu a fadar Tournelles. Matarsa Catherine de Médicis ta ƙi wurin, ta sa aka rushe fadar. A kan wannan kufai ne Sarki Henri na Huɗu ya ba da umarni a 1605 a gina wani dandali mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin mita 140, kewaye da gidaje 36 masu fasali ɗaya na jan bulo da farin dutse. A ƙarƙashin gidajen aka bar rumfuna masu ginshiƙai da mutum zai zagaya ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba. Cikin dalilan da takardar sarki ta bayar har da samar wa mutanen birni, waɗanda suke a matse cikin gidajensu, wurin da za su fito su miƙe ƙafa. An kashe Henri na Huɗu a 1610, bai ga ƙarshen aikin ba. An yi bikin buɗe dandalin a 1612 da sunan Place Royale. A 1800 ne aka sa masa sunan Place des Vosges, don karrama jihar da ta riga kowace biyan haraji.

Inda sarki ya sa ƙafa, nan fadawa ke sa tasu. Cikin ƙarni na 17 hakimai, alƙalai da attajirai suka cika Marais da manyan gidaje iri ɗaya: babbar ƙofa da keken doki zai shige, tsakar gida mai daɓen dutse, sannan gidan kansa, da lambu a bayansa. Wani mai karɓar harajin gishiri, Pierre Aubert, ya gina nasa tsakanin 1656 da 1659, mutanen gari suka yi masa shaguɓe da sunan Hôtel Salé, wato gida mai gishiri. Madame de Sévigné, wadda wasiƙunta suka shahara a adabin Faransa, a dandalin aka haife ta a 1626, kuma ta zauna a gidan Carnavalet daga 1677 har rasuwarta a 1696. Wannan shi ne karo na farko da Marais ta zama unguwar yayi.

Akwai abin lura a nan. Manyan wancan zamani ba su ɗauki tafiya a ƙasa abin alfahari ba. Titunan ƙunci gare su, ba gefen masu ƙafa, ga taɓo da ƙazantar da ake zubowa daga gidaje. Mai hali kan fita ne cikin keken doki ko a kujerar da barori ke ɗauka, in ya so shan iska ya zagaya rumfunan dandali ko lambunsa. Taka titi da ƙafa rabon talaka ne.

Bayan tashin manya

Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1682 Sarki Louis na Sha Huɗu ya mai da fadarsa Versailles, yayi kuma ya koma yammacin Paris, unguwannin Saint-Germain da Saint-Honoré, inda fili ya fi yalwa. Juyin juya halin 1789, wanda ya faro da faɗuwar kurkukun Bastille a bakin Marais, ya ƙarasa korar sauran masu sarauta. Gidajensu suka faɗa hannun ƴan kasuwa da masu sana'a.

A ƙarni na 19 unguwar ta zama maƙera. An rarraba manyan ɗakunan taro zuwa ƙananan ɗakunan haya, an ɗora benaye a kan benaye, an rufe tsakar gida da lambuna da ƙarfe da gilashi aka mai da su wuraren aiki. Masu ɗinkin hula, maƙeran zinariya da tagulla, dukawa, masu haɗa magunguna da masu kayan wasan yara duk suka samu wuri. Ma'aikaci yana kwana a sama, ya sauko aiki a ƙasa, ya sayi abinci a bakin ƙofa. Kusancin gida da aiki da kasuwa da ake yabo a yau, a wancan lokaci tilas ce ta haife shi, kuma yana tafe da cuta. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe mutum fiye da 18,000 a Paris, kuma cunkusassun unguwannin tsakiyar birni ne suka fi jin jiki.

Tsakanin 1853 da 1870 Baron Haussmann, wakilin gwamnati mai kula da Paris, ya tsaga tsohon birnin da manyan hanyoyi miƙaƙƙu, ya rushe dubban gidaje. Hanyoyinsa sun bi ta gefen Marais, amma cikinta ya tsira. Unguwar ba ta da farin jinin da zai jawo masu zuba jari, don haka aka bar ta da lungunanta. Rainin da aka yi mata ya zama garkuwarta.

Arhar haya kuma ta jawo baƙi. Daga 1881, sa'ad da aka tsananta wa Yahudawa a daular Rasha, dubbansu suka sauka a kewayen titin Rosiers, suka kafa mahautai, gidajen burodi, makarantu da wuraren ibada, suka kira wurin Pletzl, wato ɗan dandali a harshen Yiddish. Majami'arsu ta titin Pavée, wadda Hector Guimard ya zana a 1913, tana nan har yau. A arewacin unguwar, wajen titin Maire, ƴan ƙasar Sin daga yankin Wenzhou suka zauna bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suna sana'ar fata. A shekarun 1950 da 1960 Yahudawan Afirka ta Arewa suka biyo baya, tare da ma'aikata Musulmi daga can.

Shekarun barazana

A farkon shekarun 1920 hukumar birnin Paris ta fitar da jerin yankuna 17 da ta ce ba su dace da zaman ɗan Adam ba, bisa yawan masu mutuwa da tarin fuka. Na 16 a jerin yana kudancin Marais, tsakanin cocin Saint-Gervais da na Saint-Paul. Maganin da aka sani a lokacin shi ne rushewa. A 1925 mashahurin mai zanen gine-gine Le Corbusier ya gabatar da wani tsari na share babban yanki na tsakiyar Paris a gaɓar dama, a kafa dogayen benaye 18 da manyan hanyoyin mota a tsakaninsu. An sa wa tsarin sunan Voisin, mai ƙera motoci da jiragen sama da ya ɗauki nauyinsa. Ba a aiwatar da shi ba, amma ya nuna inda tunanin zamanin ya dosa: birnin gobe na mota ne, lungu kuwa alamar ci baya.

Mafi munin abin da ya auka wa unguwar ya zo ne lokacin mamayar Jamus. A ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942 ƴan sandan Faransa suka kama Yahudawa fiye da 13,000 a Paris da kewaye, cikinsu har da yara fiye da 4,000, kuma ƴan ƙalilan ne suka dawo daga sansanonin halaka. A jikin makarantun Marais akwai allunan dutse masu tunatar da ɗaliban da aka tafi da su. A cikin waɗannan shekaru ne kuma hukuma ta hanzarta kwashe mutane daga yanki na 16, inda da yawa daga ƴan hayan Yahudawa ne da ba su da bakin ƙara. Duk mai ba da tarihin kyawun Marais ba tare da wannan babi ba, ya ba da rabin labari.

Bayan yaƙi unguwar ta ci gaba da lalacewa. Bangaye sun yi baƙi da hayaƙi, rufi na yoyo, galibin gidaje ba su da makewayi na kansu, sai na haɗaka a kan matakala. Dokar haya ta 1948 ta daskarar da kuɗin hayar tsofaffin gidaje. Ta kare talaka daga kora, amma ta sa masu gidaje suka daina kashe ko sisi wajen gyara.

Dokar Malraux

Ceto ya zo ta hannu biyu. A farkon shekarun 1960 wasu matasa masu kishin tarihi suka fara shirya bikin wasan kwaikwayo da kiɗa a tsakar tsofaffin gidajen, suna share su da hannunsu, don mutanen Paris su ga abin da ke ɓoye bayan rumfunan ƙarfe. A ɓangaren gwamnati kuma, marubuci André Malraux, ministan al'adu na Janar de Gaulle, ya kawo dokar 4 ga Agusta 1962. Kafin ita, gini ɗaya ɗaya ake karewa. Sabuwar doka ta ba da damar a kare unguwa sukutum, da titunanta da tsayin gidajenta da fuskar bangayenta. A ƙarshen 1964 aka sa Marais ƙarƙashin wannan kariya, yanki mai faɗin hekta 126.

Abin mamaki, wannan ya faru ne a daidai lokacin da sauran birnin ke miƙa wuya ga mota. A 1967 aka buɗe babbar hanyar mota a bakin kogi, dab da kudancin unguwar, wadda daga baya aka sa wa sunan Georges Pompidou. Marais kuwa doka ta hana a faɗaɗa titunanta. Ba don masu tafiya a ƙasa aka yi dokar ba, don duwatsu aka yi ta, amma da aka tsare duwatsun sai ma'aunin ƙafa ya tsira tare da su.

Aikin gyara ya ɗauki shekaru, har sai 1996 aka amince da cikakken tsarinsa. Ginshiƙinsa shi ne kwashe duk abin da ƙarni na 19 ya cusa a tsakar gidaje, a dawo da fili da lambu. A idon masanin gine-gine wannan tsabtacewa ce. A idon maƙeri ko maɗinki kuwa, rumfar da aka kira ƙazanta ita ce wurin cin abincinsa. Da aka rushe wuraren aiki, sana'o'i suka tashi, ma'aikata suka bi su.

Kura da shan bugu

Hanyar da aka bi ba ɓoyayya ba ce. Gidan da aka gyara aka sa masa ruwa da makewayi yana iya fita daga ƙarƙashin dokar 1948, hayarsa ta ninka sau da yawa. Masu jari suka riƙa sayen bene sukutum da arha, su sallami ƴan haya da ɗan abin hannu ko da matsin lamba, su gyara, su sayar ɗaki ɗaki. Daga baya gwamnati ta ƙara musu da sassaucin haraji a kan kuɗin gyara. Da yawa daga waɗanda aka tasa an ba su gidaje a sababbin rukunonin bayan gari. Can sun samu ɗakin wanka da hasken rana, abin da ba su taɓa samu ba, amma sun rasa maƙwabta, sun rasa kanti mai ba da bashi, sun kuma koma shiga jirgi ko bas kafin su kai wurin aiki.

Ƙidaya ta nuna girman abin. Gundumomi na 3 da na 4, waɗanda Marais ke cikinsu, suna da mutum kusan 136,000 a 1954. A 1999 ba su wuce 65,000 ba. Gaskiya ne wani ɓangare na raguwar alheri ne, domin iyali shida a ɗaki ɗaya ba abin kewa ba ne. Amma waɗanda suka tafi da waɗanda suka zo ba ajinsu ɗaya ba. A shekarar 1964 ɗin nan da aka kare Marais, wata masaniyar zamantakewa a Landan, Ruth Glass, ta ƙirƙiro wa irin wannan sauyi suna a Turanci, tana nufin yadda masu hali ke maye gurbin ma'aikata a unguwa har kamanninta su sake. A shekarun 1970 mazauna Marais sun kafa ƙungiyoyi, sun yi zanga-zanga, sun ƙi fita daga wasu gidaje, kuma sun ci nasarar sa hukuma ta mai da wasu benaye gidajen haya mai rahusa. Abin da suka ceto kaɗan ne a kan abin da ya tafi.

Daga nan yayi ya dawo da ƙarfinsa. An kwashe babbar kasuwar Halles zuwa Rungis a 1969. Cibiyar al'adu ta Pompidou ta buɗe a yammacin unguwar a 1977. A 1985 gidan mai harajin gishiri ya zama gidan tarihin Picasso. Masu zane da masu sayar da zane suka shigo, aka buɗe mashaya da gidajen rawa, ciki har da na masu neman jinsi ɗaya, waɗanda suka mai da wani sashe na unguwar matattararsu tun ƙarshen shekarun 1970. Bayansu manyan kantunan tufafi suka iso. A titin Rosiers, gidan abincin Goldenberg, inda harin 9 ga Agusta 1982 ya kashe mutum shida, ya rufe a shekarun 2000, kantin tufafi ya gaje shi. Tsohon gidan wankan titin ma haka ya ƙare. A wasu wurare an bar tsohon allon mai burodi a saman ƙofa saboda doka ta kare shi, alhali takalma ake sayarwa a ciki.

Ba kullum mazauna ke faɗuwa ba. Kasuwar Enfants-Rouges, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 17, an so a rushe ta a shekarun 1990 a yi wurin ajiye motoci. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, aka fasa, aka sake buɗe ta a 2000. Sai dai a yau masu zuwa cin abinci a cikinta sun fi masu zuwa cefane yawa.

Tafiyar ƙasa ta yi tsada

A ƙarni na 21 tunanin masu mulkin Paris ya juya wa mota baya. A 2016 magajiyar gari Anne Hidalgo ta rufe hanyar bakin kogi ga motoci, ta bar wa masu ƙafa da masu keke. A shekarar ce kuma malamin jami'a Carlos Moreno ya fito da ra'ayin birnin minti goma sha biyar, wato kowane mazauni ya samu bukatunsa na yau da kullum cikin tafiyar rubu'in awa da ƙafa ko keke. A watan Nuwamba 2024 aka hana motoci masu wucewa kawai ratsa gundumomi huɗu na tsakiyar birni. Abin da Le Corbusier ya so sharewa ya zama abin koyi.

Ga mai zama a Marais, amfanin a fili yake: iska ta fi tsabta, yaro na iya zuwa makaranta da ƙafarsa, tsoho na iya cefane ba tare da jiran kowa ba. Amma farashin shiga ya kai inda ya kai. A 2019 matsakaicin kuɗin murabba'in mita ɗaya na gida a Paris ya haura Yuro 10,000, wato fiye da sefa miliyan shida da rabi, na Marais kuma ya ɗara haka. Gidaje da yawa sun zama masaukin ƴan yawon buɗe ido ta hanyar Airbnb da ire-irensa, wasu kuma na attajiran da ba sa kwana ciki sai ƴan makonni a shekara. Hukumar birni ta rage yawan kwanakin da mutum zai ba da gidansa irin wannan haya daga 120 zuwa 90 a shekara tun daga 2025, tana kuma sayen wasu benaye don haya mai rahusa. Mazaunan da suka saura suna kuka da hayaniyar dare, da cunkoson Lahadi, da ɓacewar mahauci da mai gyaran takalmi.

Darasin Marais shi ne doka ta iya tsare dutse cikin shekara biyu, amma ba a yi wa mutanen da ke bayan dutsen irin wannan tanadi ba sai bayan da yawancinsu suka tafi. Lungu da ƙaramin kanti da gajeriyar tafiya, talakawa ne suka raya su shekara ɗari da hamsin, sa'ad da babu mai so. Ranar da aka gane darajarsu, wasu ne suka ci moriyar.

Titin da ya fi kowane cika ranar Lahadi shi ne Francs-Bourgeois. Sunan ya samo asali ne daga wani gidan sadaka na ƙarni na 14, inda aka zaunar da matalautan da aka yafe wa haraji saboda ba su da abin biya. Da asuba, kafin kantunansa su buɗe, masu shara da masu wanke-wanke da masu dafa abinci ke fitowa daga tashar jirgi. Da yawansu baƙi ne daga Afirka da Asiya, sun taso daga bayan gari, wasu bayan tafiyar awa guda. Su ne ke shirya unguwar minti goma sha biyar domin masu ita su farka su same ta a shirye.